Akokan: zangon wasu, mahaifar wasu

A Akokan na fara shan ruwan firji. Ina ɗan shekara 11 aka tura ni hutun makaranta wurin kawuna mai aikin haƙar yuraniyom, muka yi kwana biyu a hanya daga ƙauyenmu na jihar Tawa. Titin a lokacin sumul yake kamar an shafa masa mai. Da muka isa sai na ga abin da ban taɓa gani ba: famfo a cikin ɗaki, wutar lantarki dare da rana, asibitin da ake duba iyalin ma'aikaci ba a ce ya kawo ko dala ba, da kantin da ake sayar da tuffa, a ƙasar da sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga aduwa guda. Ba a banza aka riƙa ce wa Arlit, babban garin da Akokan ke gefensa a arewacin Nijar, ƙaramar Paris ba.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Kowa a danginmu ya san duk ƙarshen wata kawu na aiko da kuɗin bulo da kwano, ana yi masa gini a ƙauye, inda ba famfo ba wuta. Wata rana bayan la'asar, yana kwance igiyar takalmin aiki, na ce, "Kawu, ku da kuke da gida irin wannan, me za ku yi da wancan na ƙauye?" Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Kai yaro ne. Nan ai zango ne. Ka taɓa ganin wanda ya dasa itace a zango?"

Yau shekara 30 da ɗoriya ke nan. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, a cikin gidan nan da ya gina kuwa ya cika, Allah ya jiƙansa. Amma maganar tasa ba ta bar ni ba, don na lura duk wanda ke da ta cewa a kan Arlit da Akokan da wannan idon yake kallonsu. Kamfani ya zo ne ya kwashi abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ƙara gaba. Gwamnati tana Yamai, fiye da kilomita 1,000 daga wurin, kunnenta na ga abin da ya faɗa baitulmali. Ma'aikaci na ƙirga shekarun da suka rage masa ya ɗaure kayansa. Ɗan kasuwa na neman riba ya aika Maraɗi. Matsalar ita ce zangon ya haihu. Akwai dattawa yau, masu jikoki, da aka yanke wa cibi a can, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu ko su ma matafiya ne.

Garin da kansa ma'adini ne ya haife shi. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971, aka gina Arlit don ma'aikatansa. Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978 a ramin Akouta mai zurfin mita 250, aka gina masa Akokan 'yan kilomitoci daga Arlit. A gefen unguwannin kamfani kuma wani gari ya tsiro ba da izinin kowa ba: mahauta, teloli, 'yan garuwa, masu shayi, makanikai, masu neman aikin da ba su samu ba, da makiyayan Abzinawa da farin shekarun 1970 da na 1984 ya raba da dabbobinsu. Sunan da aka ba unguwannin nasu ya isa bayani, Bukoki. Albashi ɗaya na cikin rami yakan ciyar da gidaje da dama a Bukoki, ta hanyar cefane da ɗinki da wanki da bashin da ake biya ƙarshen wata.

Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe, bayan ya fitar da kusan ton 75,000 na yuraniyom. Dalilin da aka bayar shi ne ma'adinin ya kusa ƙarewa, kuɗin haƙo ragowar kuma ya fi abin da kasuwa za ta biya. A 2007 laba guda ta haura dalar Amurka 130, bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima a 2011 farashi ya yi ta gangarowa har ya faɗi ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. Wato girgizar ƙasa a Japan tana iya kashe wutar murhun mai ƙosai a Akokan, ita kuwa ba ta da inda za ta kai ƙara. Ma'aikata kimanin 600 ne suka rasa aiki, aka ba su kuɗin sallama. Wasu ɗaruruwan 'yan kwangila, waɗanda suka shaƙi ƙura ɗaya da su a rami ɗaya, sun yi ta kokawa cewa an bar su a baya. Mahauci da tela kuwa ba sa cikin lissafin kowa, tunda sunansu ba ya cikin kowane littafi.

Duk abin nan da ya burge ni ina yaro, sai daga baya na gane kayan aro ne, kuma Hausawa sun riga sun faɗi iyakar abin da yake rufewa. Asibiti na kamfani ne, rijiyoyin burtsatse na kamfani ne, gidaje na kamfani ne. Wutar ma daga tashar kwal ta Sonichar da ke kusa da Cirozerin take zuwa, wadda aka gina musamman don ciyar da ma'adinan. Shekara 40 ƙaramar hukumar garin tana zaune kusa da asibiti mai kyau ba ta taɓa sayen allura ɗaya a cikinsa ba, ba ta koyi yadda ake tafiyar da shi ba, ba ta kuma da kuɗin shigar da za ta riƙe shi. A shirin rufewa an tanadi a miƙa asibitin da gidajen ga gwamnati, wasu kuma suka ɗauki wannan a matsayin babbar kyauta. Ni dai na san wanda aka ba kyautar doki ba a haɗa masa da ingirici ba, hidima aka ɗora masa. Gini ba ya duba mara lafiya. Likita ne ke dubawa, likita kuwa sai da albashi, da magani, da injin da in ya lalace akwai mai gyara.

Abin da ya zama na garin tsantsa, wanda ba mai zuwa ya karɓe, shi ne dusar. Kusan ton miliyan 20 na ragowar dutsen da aka tace suna jibge kusa da Akokan a kan fili mai faɗin hekta 120, suna fitar da tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, iskar hamada kuma na kaɗawa a kansu. An yi shirin a rufe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, cikin aikin gyaran wuri da aka ce zai ci biliyan 95 na kuɗin sefa. Tun kafin nan, Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ya yi aiki a ma'adinin Somaïr, da ƙungiyarsa ta Aghir In'man sun shafe shekaru suna kuka a kan tsofaffin ƙarafan ma'adini da ke bi ta kasuwa su koma tukwane da ƙofofi da rufin ɗaki. A ƙarshen 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta je da na'urorinta, da haɗin gwiwar ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa. Rahoton da suka fitar a 2010 ya ce a wani titi na Akokan tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma huɗu cikin samfurin ruwa biyar da suka ɗiba yuraniyom ɗin da ke ciki ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Areva, kamfanin Faransa mai tafiyar da ma'adinan biyu, ya yi gardama a kan wasu alƙaluman, ya kuma sa aka kankare wuraren da aka nuna. Ga shi ruwan da garin ke sha, da wanda aka yi shekaru ana wanke dutse da shi, tsohon ruwa ne da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru. Damina ba ta mayar da shi.

Da sauƙi a tsaya nan a ce laifin Nasara ne, a shafa fatiha a tashi. Yana da nasa kason, mai tsoka kuwa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kuɗin yuraniyom ya yi ambaliya. Ba zan ce bai yi amfani ba, domin a lokacin ne aka ɗauke wa talaka harajin kai, mahaifina kuma har ya tsufa yana sa wa wanda ya yi haka albarka. Da kuɗin aka shimfiɗa titin Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit. Amma dubi inda manyan gine-ginen suka tsaya: otal ɗin Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès a bakin kogin Kwara suke. Shekaru da yawa bayan haka, a yarjejeniyar 2014 tsakanin gwamnati da Areva, wanda yanzu ake kira Orano, an sa yuro miliyan 90 don gyaran titin nan da ya riga ya zama ramuka, da miliyan 17 don noman rani a kwarin Irhazer, aka kuma yi alkawarin dogon bene mai suna gidan yuraniyom. A Yamai aka gina shi. Duk lokacin da na wuce ta gabansa sai in tuna direbobin da ke sauka daga kan titin Arlit su bi rairayi, don rairayin ya fi kwaltar sauƙi.

Doka ma akwai ta. Tun 2006 aka ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga harajin ma'adinai a mayar da shi ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo shi. A takarda ba laifi. A aikace ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kokawa cewa kuɗin na makara, wani lokaci shekaru su taru ba a biya ba. Magajin garin da bai san ran da kuɗi zai zo ba, bai san nawa zai zo ba, ba zai iya tsara komai da ya wuce gyaran ofis da sayen mota ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai mu kuma, dangin su kawu. Wannan ɓangaren ne ba a son ji. A Arlit akwai ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa kala-kala, kowace tana tara kuɗi wata-wata. Aji a ƙauyen su wane, masallaci a ƙauyen su wane, motar kai gawa gida. Mu ma ajin farko na siminti a ƙauyenmu da gumin cikin rami aka gina shi, ni kuma a ciki na zauna, don haka ba ni da bakin zagi. Amma gaskiya ita ce mutanen da suka fi kowa ilimi da albashi da murya a garin, masu ƙungiyar ƙwadago da ke iya tsayar da aiki, dukkansu suna da ƙofar fita. Sun yi gwagwarmaya a kan albashi da sallama, kuma haƙƙinsu ne. Wanda zai yi gwagwarmaya a kan kwata da kasuwa da makarantar Bukoki shi ne wanda ba shi da ƙauyen komawa, shi kuwa ba a kiran sa taro.

Mutanenmu sun taɓa ganin irin wannan a Jos. Hausawa da yawa sun kwarara tudun Filato haƙar kuza, barikoki suka zama garuruwa, har sunan Barikin Ladi ya zauna. Aikin ya yi ta ja baya tun shekarun 1970, a watan Oktoban 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan. Aka bar wa mutanen wurin kududdufai masu zurfi birjik a kewayen Bukuru. Sai dai Filato na da ruwan sama da sanyi, don haka dankalin Turawa ya karɓi wasu, wasu suka juya kududdufan suka koma noman kabeji da karas da rani. Arlit ba ta da wannan gatan. In ma'adini ya tafi, ba gonar da za a koma.

Shi ya sa ba na raina masu cewa garin hamada da rami ya haifa, in ramin ya mutu, a bar shi ya bi shi, kada a zuba kuɗin ƙasa mai fama da yunwa a cikin rairayi. Magana ce mai nauyi, kuma wataƙila Akokan ba za ta sake ɗaukar yawan mutanen da ta ɗauka a da ba. To amma in haka gwamnati ta gani, ta fito ta faɗa da bakinta, ta ba mutane fili da jari a inda za su iya rayuwa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ƙi cewa a tashi, a kuma ƙi yin abin da zai sa a zauna, a bar mutane su yi ta narkewa ɗaya bayan ɗaya kamar gishiri a damina.

Kuma ban yarda garin ba shi da abin kamawa ba. Yana kan babbar hanyar Aljeriya, ta Asamaka zuwa Tamanrasset, hanyar da dabino da taliya da man fetur ke bi su gangaro, dabbobi da albasar Abzin su haura. Yana da ranar da ba ta ƙarewa, a zamanin da faifan sola ya yi araha. Abin da ya fi waɗannan duka, shekara 50 na aikin ma'adini sun tara masa masu walda, da masu haɗa wuta, da makanikan manyan injuna, da direbobin katafila, irin waɗanda ake nema ruwa a jallo a sauran jihohi. Makarantar koyon sana'a mai ƙarfi, wadda waɗannan dattawan za su koyar a cikinta kafin su mutu da abin da suka sani, ta fi wani sabon zagayen rabon shinkafa. Amma ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi tafiya in titin bai gyaru ba.

Abin da garin ya samu a maimakon haka shi ne tsalle daga wannan igiya zuwa waccan. Da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014 matasa suka yi can, aka riƙa kawo dutse ana niƙawa a bayan gari. A 2017 hukuma ta rufe Jado. Jigilar baƙin haure ta ciyar da wasu, dokar 2015 ta mayar da ita laifi, a watan Nuwamban 2023 aka soke dokar. Kowace daga cikinsu wani sabon zango ne a cikin tsohon zango: kuɗi ya shigo da gudu, haya ta tashi, a sayi babura, sannan wata takarda daga Yamai ko wani farashi daga waje ya tsinke igiyar.

Yanzu kuma an shiga sabon babi. A watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta ƙwace lasisin filin yuraniyom na Imouraren daga hannun Orano, a Yunin 2025 kuma ta ce Somaïr ya zama na ƙasa. An yi ta murna, ni ma ban zubar wa kamfanin Faransa hawaye ko ɗigo ba. Amma kada murna ta mantar da mu cewa ƙasa ba baƙuwa ba ce a teburin nan. Tun kafin wannan babi, kamfanin gwamnati Sopamin na riƙe da kashi 31 na Cominak da kashi 36 da ɗoriya na Somaïr, wakilanmu na zaune a wurin lokacin da ake yanke duk abin da aka yanke. Sauya mai gida bai sauya tambayar ba, ya dai rage waɗanda za a nuna wa yatsa. Wa zai ƙarasa rufe dusar Akokan, da kuɗin wa, yanzu da ake shari'a tsakanin ɓangarorin biyu? Wa zai ci gaba da auna ruwan rijiyoyi, ya kuma faɗa wa masu shan sa abin da ya gani? Ran da ramin Somaïr shi ma zai ce ga garinku, nawa aka ajiye, a wane asusu, wa ke riƙe da makullin? Ga shi tun Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, an naɗa kantomomi. Kantoma ko da mutumin kirki ne, wanda ya naɗa shi yake kallo, kuma ya san gobe za a iya tura shi wata jiha. Shi ma matafiyi ne.

Da za a tambaye ni, da ƙaramin abu zan ce a fara. Kashi 15 ɗin nan, duk wata uku a liƙa a bangon ofishin magajin gari nawa ya kamata ya zo, nawa ya zo, me aka yi da shi, a kuma karanta a rediyon gari da Hausa da Tamajak, yadda mai tallan kunu za ta ji. Duk asibiti ko famfon da kamfani zai gina, a gina shi da sunan gari tun ranar farko, 'yan gari na cikin masu tafiyar da shi, kamfani na zuba nasa kason a fili. Kuɗin rufewa kuma a fara tara shi ran da aka sara ƙasa, a inda kamfani ba zai taɓa ba, minista ma ba zai taɓa ba. Ba don Akokan kaɗai nake faɗa ba. Ga man Agadem ana tura shi ta bututu har gaɓar tekun Benin, ga sabon ramin yuraniyom ana haƙawa tsakanin Agadas da Arlit, wanda sunansa Dasa, kamar da gangan. Bukkoki sun riga sun fara tsirowa a gefen kowane wuri irin wannan. Tun ran gini ran zane.

Autar kawu a asibitin Akokan aka haife ta, can ta yi makaranta, can ta auri wani mai walda, suna zaune a Bukoki. Taubashiyata ce, ba ma rabuwa da tsiya. Da ta zo bikin wata ƙanwarmu bara, mata suka taru a kanta, ki dawo gida, me ya rage a can, ga ɗakin babanki a rufe. Ni ma na sa baki. Ta dube ni ta ce, "Kai baƙauye, wane gidan? Ni nan in na kwana uku ciwon kai nake yi. Cibiyata can take." Sai ta ciro waya ta nuna mini hoton wani dogon yaro da ta dasa a ƙofar gidanta, tana ba shi ruwan wanke-wanke, har ya wuce tsawonta. Ta kewaye shi da wasu tsofaffin ƙarafa saboda awaki.

Na ce, "Ƙarafan nan fa, daga ina?"

Ta ce a kasuwa maigidan ya saya. Ta ɗan yi shiru tana kallon hoton, ta buɗa shi da yatsu biyu. Sannan ta ce in ta koma za ta tambaye shi.